Neman kalma: me za mu kira "barma'iyyat" da Hausa?

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa. Cigiyar kalma na kawo muku yau.

Daren jiya an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a nan Gadarif ta Sudan, kwaɗi suka cika unguwa da kuka har sai mutum ya ɗaga murya. 'Yar ƙanwata na gindin fitila tana haddar darasin kimiyya, tana ta nanata "albarma'iyyat, albarma'iyyat". Iya na kan tabarma da carbinta, ta ɗago ta ce, "Ke, wace dabba ce kuma wannan?" Yarinya ta juyo ta dube ni. Na ce, "Iya, kwaɗo ne da danginsa." Ta ce, "To ku ce hakan mana."

Na kwana ina juya maganar: amsar nan da ta fito bakina ba shiri, ta isa ta zama suna a littafi?

2/ Larabawa ƙera tasu suka yi, suka ɗauki "barr", tudu, suka liƙa da "ma'", ruwa. Turawa kuma daga harshen Girka suka samo amfibiya, wato mai rayuwa iri biyu. Mu abin da na fi gani a rubuce shi ne "dabbobin da ke rayuwa a ruwa da tudu". Wannan bayani ne, ba suna ba, malami ba zai iya maimaita shi sau ashirin a darasi ɗaya ba.

Kuma ko an gajarta shi zuwa "ruwa-da-tudu", akwai gyara. Ka faɗa wa yaron da ya tashi a bakin kogi, kamar 'yan'uwanmu na Mai Wurno, ka ce ya lissafa maka dabbobin ruwa da tudu. Kada zai fara kira, sai dorina, sai guza, sai kififiya. Duk gaskiya ya faɗa, kuma ko ɗaya ba ya cikin rukunin da muke nema wa suna. A karatun fiƙihu ma mun saba jin kwaɗo da kada da kunkurun ruwa a jere wuri guda idan ana maganar tsarkin mushen dabbar ruwa. Jerin ya yi daidai da abin da fiƙihu ke nema, amma ba shi ne rabon masu nazarin halittu ba.

3/ To me ya raba kwaɗo da kada? Duk mai son gani ya je bakin hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, bayan ruwan farko na damina, ya tsuguna ya duba gefen ciyawa. Zai ga ƙwai baƙaƙe ƙanana jere cikin yauƙi, kamar an tsinka carbi a cikin miyar kuɓewa. Ba su da ɓawo, rana ɗaya a busasshen wuri ta gama da su. Kwana kaɗan sai talibambam ya fito, kai da wutsiya kawai, yana numfashi cikin ruwa irin na kifi, yana kankarar gansakuka. Ƙafafun baya su fara tsirowa, na gaba su biyo, huhu ya kama aiki. Wutsiyar ba yankewa take yi ta faɗi ba, jiki ne ke shanye ta a hankali. Hatta hanjinsa gajarcewa yake yi, domin mai cin gansakuka ya koma mai farautar ƙwari.

Ɗan kada kuwa daga ƙwai mai ɓawo yake fitowa a cikin rairayi, da kamannin uwarsa cif, da huhunsa tun ranar farko.

Sai fata, wadda ita ce babbar shaida. Fatar kwaɗo ba gashi, ba ɓawo, iska da ruwa suna ratsa ta. Da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, kuma ba ya shan ruwa da baki, cikinsa yake dannawa a danshi ya tsotsa. Muna yara an ce mana kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Ashe suna nan ƙarƙashin ƙafarmu duk tsawon rani, cikin tsagar baƙar lakar nan tamu, sun lafe suna jira. Akwai ma irin da ke naɗe kansa cikin tsohuwar fatar da ya saɓa don kada ya bushe.

4/ Ga sunayen da na gwada na ajiye. "Ruwa biyu" an riga an ba shi wata ma'ana a kan mutane, bai kamata mu ja shi zuwa kan dabba ba. "Barma'i" yana da daɗin faɗa a bakinmu na nan Sudan da 'yan'uwa na Makka da Jidda, amma yaron Kano ko Damagaram ba zai ji "barr" da "ma'" a cikinsa ba, ga shi Larabawan kansu suna kiran motar yaƙi mai shiga ruwa da shi. "Amfibiya" kuma Iya za ta sake tambaya.

Wanda ya fi jan raina shi ne "mai rayuwa biyu". Abin da ya hana ni shi ne ba duka ke yin rayuwa biyun ba. Kwaɗi da yawa a dazuzzukan ruwa ƙyanƙyashe su ake yi da ƙafafunsu, ba su taɓa zama talibambam a kududdufi ba. A kan Dutsen Nimba, inda Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗu, akwai wani ɗan kwaɗo da macen ke ɗaukar ciki wata 9 ta haifi 'ya'ya a raye. A Meziko kuma akwai wani mai wutsiya da ke girma har ya hayayyafa bai taɓa barin ruwa ba. Sunan da aka gina kan ɗabi'a kullum sai ya bar wasu a waje. Zumunta ce ta haɗa su, ba ɗabi'a ba.

5/ Shi ya sa na dawo kan maganar da na yi wa Iya: dangin kwaɗo.

Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa "dangi". Idan ka ce zaki dangin kyanwa ne, ya gane ba kyanwa kake nufi ba. Lissafi ma yana bayanmu: nau'o'in wannan rukuni da aka sani sun haura 8,000, kuma kusan 9 cikin kowane 10 kwaɗi ne. Babban gida ne ya ba zuriya suna.

6/ Rabonsu a duniya ya bi danshi da ɗumi. Barazil ce kan gaba da nau'i fiye da 1,000. Madagaska na da sama da 300, kusan duk ba a samun su ko'ina sai can. Antaktika babu ko ɗaya, kuma teku ba gidansu ba ce, ruwan gishiri zuƙe jikinsu yake yi, shi ya sa tsibirai da dama na tsakiyar teku ba su da su. Amma ba sa rasa dabara: a Alaska akwai kwaɗon da ke daskarewa da hunturu, zuciyarsa ta tsaya, bazara ta zo ya narke ya ci gaba da tsalle. Ko a Saudiyya akwai su a koramun duwatsun Asir. Mafi girman kwaɗi yana Kamaru da Ikwatoriyal Gini, ya kai santimita 32, nauyinsa ya wuce kilo 3. Bududdugin da muke jin ya ƙasaita, jariri ne a gabansa.

7/ Saura rassan gidan guda uku. Na farko kwaɗi, wannan ba gardama. (Na san kalmar na nufin abin kulle ƙofa, akwai kuma kwaɗon zogale, amma ba wanda zai ruɗe a ajin kimiyya.)

Na biyu su ne salamanda, masu wutsiya har girma, nau'i wajen 800. Yawancinsu a arewacin duniya suke, musamman gabashin Amurka, na ƙasar Sin kuma akwai mai kusan mita 2. A Afirka sai can Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kudu da Sahara babu, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa musu suna ba. Roƙona kada mu ce "ƙadangaren ruwa". Kama ce kawai, ƙadangare ɗan'uwan kada ne. Ni "kwaɗo mai wutsiya" na zaɓa.

Na uku ne ya ba ni wahala. Ba su da ƙafa ko ɗaya, jikinsu zobe-zobe kamar tana, cikin ƙasa mai laima suke zama, amma suna da ƙashin baya da haƙora. Nau'insu ya haura 200, akwai su a Kamaru, da Habasha maƙwabciyarmu, da Indiya, da Kudancin Amurka. Na rubuta "kwaɗon tana", raina bai gama kwanciya da shi ba.

8/ Ba don darasin yarinya kaɗai na damu ba. Babban binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗo suna fuskantar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Ana cike fadamunsu, yanayi na sauyawa, ga wata fumfuna mai kama musu fata da ta hallaka su a ƙasashe da dama. Mu nan da muke feshin magani a gonakin riɗi da dawa, ruwan farko ya wanke shi zuwa kududdufin da suke ƙwai, ya kamata mu iya tattauna wannan da manomi cikin harshensa. Mun kuma san hadisin likitan da ya nemi sa kwaɗo a magani, Manzon Allah (SAW) ya hana kashe shi.

9/ Abu biyu nake roƙo. Malamai da iyayenmu na Kassala, Damazin, Mai Wurno da Makka, me kuke kiran ɗan kwaɗo mai wutsiya a gidajenku? A gidanmu talibambam ne, amma na ji masunta na ba kifin nan mai kumbura ciki wannan sunan, ina so a rabe su kafin mu rubuta. Sannan wanda ke da abin da ya fi "kwaɗon tana", don Allah ya kawo.