Yarona yana aji 4 amma har yanzu bai iya karatu ba

Maman Yara:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ku ba ni shawara. Ɗana yana firamare ta gwamnati nan Kubwa a Abuja, jiya na buɗe littafinsa na ce ya karanta min layi ɗaya wallahi sai ya tsaya yana bin haruffa da yatsa yana kallona, su wajen 80 ne a ajin, wasu a ƙasa suke zaune. Kuɗin firabet kuma ba mu da shi. Ya zan yi?

Baban Gwagwalada:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. A 2025 ma haka muka sha, malaman firamare na Abuja sun fi wata 3 suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70, yara na gida suna tallar gyaɗa, to ina karatun zai fito?

Malama:
Ni malama ce, kar a ɗora mana laifin duka. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, amma alli ma wani lokacin da kuɗina nake saye. A ɗauki ƙarin malamai a raba ajin nan biyu, a fara koya musu karatu da harshen da suke ji kafin Turanci. Ke kuma yaya, ki riƙa zama da shi minti 20 bayan magariba, ku fara da ba, bi, bu.

Maman Yara:
Na gode malama, Allah ya saka. Yau da daddare za mu fara insha Allah.