Shugaban sashen kuɗi a kamfanin shinkafa: dole ne sai ya saurari uzurin kowa?

Ɗan Gwandu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san aikin kuɗi a kamfanonin casar shinkafa irin na nan Kebbi. Kusan ko'ina rigimar ɗaya ce. Shugaban sashen kuɗi ya ce ba ya sakin ko sisi sai da rasit, da takardar farashi daga wuri uku, da sa hannun manaja. Masu sayen shanshera su ce ya hana su aiki, injiniya ya ce ya tsayar masa da inji, mai sito ya ce ana yi masa kallon ɓarawo. Shi kuma ya ce ba don ya faranta wa kowa aka ɗauke shi ba, dukiyar masu kamfani aka ba shi tsaro. Shin aikinsa ne ya tsaya jin uzurin kowane sashe, ko kuwa ya riƙe ƙa'idarsa, wanda ya ji haushi ya ji?

Malam Akanta, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Gwandu. A fara cire maganar faranta rai a gefe. Shugaban kuɗin da bai san yadda sauran sassa ke aiki ba, lissafinsa ne zai fara yin kuskure kafin a zo ga ɓacin ran kowa.

Ɗauki zancen mai sito. Shanshera sabuwar yanka tana zuwa da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, kuma ba ta ajiyuwa lafiya sai an busar da ita ta sauko kusan kashi 14. Ruwan da ya fita nauyi ne ya fita. Lissafin ba wuya: a cire danshin farko daga ɗari, a cire na ƙarshe daga ɗari, a raba na farko da na biyu. Daga 20 zuwa 14, 80 ne a raba da 86, wato kowane kilo 100 zai koma kilo 93. Tirelar da ta hau sikeli da tan 30 za ta shiga sito da tan 27.9. Tan biyu da ɗoriya sun bi iska, ba wanda ya taɓa buhu ko ɗaya. Ba a ma sa ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayin da injin tacewa zai fitar ba.

Akantan da ke zaune ofis da takarda biyu, ta sikeli da ta sito, giɓi kawai zai gani, sai ya rubuta wa mai sito takardar tuhuma. Abin da ke biyo baya ya fi asarar muni: mai sito ya koyi cewa faɗin gaskiya na jawo masa fitina, daga ranar sai ya riƙa rubuta lambar da ofis ke so. Littafi ya daidaita, sito bai daidaita ba, sai ƙarshen shekara a ƙidaya buhu a ga ramin da ba a san mafarinsa ba.

Gyaran shi ne takardar karɓar kaya ta ɗauki abu huɗu: nauyin mota da kaya, nauyin mota ba kaya, danshi, da yawan datti. A amince tun farko da ragin da za a yi wa kowane kashi na danshin da ya haura 14, kuma a biya mai kaya kan wannan nauyin. Amma wannan ba ya zuwa wa mutum sai ya tsaya bakin sikeli ya ga yadda ake soka bututu a buhu ana ɗibar samfur, ya tambayi mai sito me ya sa yake sokawa a tsakiyar lodi ba a buhunan sama kaɗai ba.

Mai Sayen Kaya, Argungu:

Allah ya saka, Malam Akanta. Bari in ƙara ta ɓangaren kasuwa.

Kamfani yana casa duk shekara, amma yawancin sayen a 'yan watanni ake yinsa: bayan girbin damina, sai kuma girbin rani wajen Afrilu da Mayu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, masu saye suka yi yawa a fadamun Argungu da Suru da Jega, har daga wasu jihohi ake zuwa da motoci. Manomi ba ya jiran sa hannun kowa. Ka taya, ka ce ya dakata kuɗi na hanya, kafin la'asar wani ya loda kayan. Takardar farashi daga wuri uku kuwa, wa zai rubuta maka ita a gindin tulin buhu? Farashin safe daban, na yamma daban.

Haka maganar tiransifa. Wani ƙauyen sabis sai an hau tudu. Manomi da yawa ba sa sakin kaya sai sun ga alat, ga 'yan dako da masu ɗinkin buhu da masu awo da ba sa karɓar komai sai tsaba.

Abin da ke aiki: kafin kaka shugaban kuɗi ya zauna da masu saye a tsayar da farashin ƙoli na kowane mako, wanda mai saye zai iya ƙullawa ba tare da ya bugo waya ba. A buɗe littafin dillalai da manyan manoma, da lambar asusun kowa, tun kafin buhu ya fito. A ajiye mutum ɗaya a ofis mai ikon tura kuɗi ranar kasuwa har dare, ko da Asabar ce ko Lahadi. Tsabar kuɗi ta tsaya kan dako da lodi. Ita ma shanshera mai danshi ba ta son ta wuce kwana ɗaya a tule. Ta ɗauki zafi ƙwayar ta yi rawaya, farashinta ya faɗi. Jinkirin biyan direba na kwana biyu yana iya cin abin da ya fi kuɗin motar.

Hajiya Mai Odit:

Na yarda da ku, amma kada matasan akantoci su karanta wannan su ɗauka an ce su saki jaka. Fahimtar uzurin mutum daban, sa hannu a kan abin da ya kawo daban.

Shi ma shugaban kuɗin yana da nasa uzurin da ba a cika tambayarsa ba. Tun Janairun 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cire tsaba a mako: naira dubu 500 ga mutum, miliyan 5 ga kamfani, abin da ya haura a biya caji. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Kuɗin fansho, kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na kamfani, doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ga rancen banki da kuɗin ruwansa ke hawa kullum. Laifinsa shi ne bai faɗa wa sauran sassa ba. "Ba kuɗi" kawai yake cewa, alhali sun ga tirela biyar ta fita da kaya jiya. Ya riƙa nuna wa shugabannin sassa jadawalin mako huɗu masu zuwa, abin da zai shigo da abin da tilas ya fita, sai su da kansu su jera buƙatunsu.

Abin da odita, wato mai binciken littattafan kuɗi, ke yawan tararwa kuwa shi ne ƙa'idar da ba ta biyuwa tana haifar da takardar ƙarya. Ka ce sai rasit daga mai amalanke, za a kawo maka rasit, biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya, shaguna uku. Gara takardar cikin gida mai suna, da aikin da aka yi, da dangwalen yatsa, da sa hannun shaida. Abu biyu ne ba sassauci a kansu komai uzuri: wanda ya saya ba shi ne zai auna ya karɓa ba, kuma ba a ƙara wa mutum kuɗin hannu sai ya kawo lissafin na baya.

Injiniya, Yawuri:

A taƙaice, Hajiya ta gama magana. Nawa ɗaya ne. Robar injin ɓare shanshera, da bel, da rariya, kayan cinyewa ne, ba lalacewa ba ce. Robar ta siɗe, ɓarewa ta ragu, karyayya ta yi yawa. A ce injin na cin tan 2 a awa, awa 10 a yini: kwana uku ana jiran sa hannu tan 60 ke nan ba a casa ba, ga albashi na tafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a tambaye shi jerin kayan nan, a sa musu adadin da in sito ya sauko kansa za a sayo ba tare da sabon izini ba. Takardar farashi uku a bar ta ga babban saye irin janareto ko tukunyar turara.

Ɗan Gwandu:

Na gode ƙwarai. Saura masu sayarwa, da kullum ke cewa in ba a ba diloli bashi ba za su koma wani kamfanin.

Malam Akanta, Birnin Kebbi:

Gaskiya suka faɗa, sai dai rabinta. A ba kowane dila iyakar bashi gwargwadon yadda ya saba biya, a kasa basussukan kwana 30, 60 da 90, a duba su tare da manajan sayarwa duk Litinin. Ladan mai sayarwa kuma a ɗora shi kan kuɗin da ya shigo asusu, ba kan buhun da ya fita ƙofa ba. Wanda bashinsa ya haura kwana 60 ba a sake yi masa lodi sai ya biya rabi.