Auna amino asid a madarar jarirai: ina hanyar ke karyewa?

Mai buɗe zare:
Salamu alaikum 'yan'uwa masu aikin lab. Wanda ya tantance hanyar AOAC 2018.06, wato ISO 4214, ta auna amino asid (tubalan da suka haɗu suka zama furotin) a kan madarar jarirai ta gari, don Allah ya faɗa mana inda matsala ta fi fitowa. Sakamakon gwajin ƙari, wato a zuba amino asid da aka san adadinsa a samfur a ga ko za a same shi duka, yana kyau, amma amino asid biyu, balin da aisolusin, suna ƙasa da abin da takardar SRM 1869 ta nuna, wato samfurin madara na gwaji daga hukumar ma'auni ta Amurka, NIST.

Mai nazarin furotin:
Wa alaikumus salam Malam. Matsalar tana cikin abin da ka faɗa. Idan ka zuba amino asid tsantsa a samfur, ka dafa shi a asid, ka same shi kusan duka, abin da ka nuna kawai shi ne bai lalace ba. Ba ka nuna furotin ɗin madarar ya farfashe duka ba, domin abin da ka zuba ɗin ba a ɗaure yake ba tun farko. Balin da aisolusin kuwa taurin kai gare su, musamman inda suke jere da juna, awa 24 a asid ɗin HCl mai ƙarfin 6 M a zafi digiri 110 ba kullum ke sakin su gaba ɗaya ba. Ka dafa samfur guda a awa 24, 48 da 72. Za ka ga su biyun suna hawa, wasu amino asid biyu kuma, sirin da tiriyonin, suna sauka. Sannan ka sa ma'aunin zafi naka a cikin obin ɗin, kada ka dogara da abin da fuskarsa ke nunawa. Idan an ɗauke wuta cikin dare aka jima ba a tada janareta ba, a zubar da wannan rukunin a sake, ba a ƙara masa awoyi da ƙiyasi.

Mai kula da inganci:
Ƙari a kan na Malam. Hanyar an riga an tantance ta tsakanin lab da dama, don haka a ƙarƙashin ISO/IEC 17025, ƙa'idar ingancin lab, tabbatar da cewa tana aiki a lab ɗinka kawai ake nema gare ka. Amma da zarar ka sauya lokacin dahuwa ko kolum, wato bututun da ke rarraba amino asid a cikin na'ura, tantance tasirin sauyin ya hau kanka. Kuma kada ka auna gari 'yan miligiram kai tsaye. A jiƙa giram 25 a ruwa giram 200, a juya sosai, sannan a ɗiba. Maimaicin gwaji ya zama a ranaku daban, da hannu fiye da ɗaya.

Mai aikin UHPLC, na'urar da ke rarraba amino asid ta auna su:
Ranku ya daɗe, a duba wajen haɗawa da AQC ma, sinadarin da ake liƙa wa amino asid domin na'ura ta gan su. Yana son pH tsakanin 8.2 zuwa 10. Idan asid ya rage a samfur ya rinjayi ruwan boret mai daidaita pH, haɗin ba ya cika, kuma asfatik da gulutamik ne ke fara faɗuwa. Minti 10 a zafi 55 ba a tsallake shi, saboda sai da shi adadin tairosin ke fitowa daidai. Nobalin, ma'aunin ciki da ake gwada sauran amino asid da shi, a zuba shi kafin dahuwa, domin ya kama abin da ya tsere ta murfin kwalba da bai rufu da kyau ba.

Mai nazarin furotin:
Haka ne. Sistin kuma ba ya tsira a asid sai da kariya, shi ya sa hanyar ke sa DDP, sinadarin da ke ba shi wannan kariya, kafin dahuwa. Triftofan asid cinye shi yake yi, nasa gwajin daban ne, AOAC 2017.03, da enzayim. Asfarajin yana komawa asfatik, gulutamin yana komawa gulutamik, sai a rubuta kowane biyu a haɗe.

Mai kula da inganci:
Wanda ya fi yaudara a ganina laisin ne. Zafin busar da madara yana sa wani sashe nasa ya ɗaure da laktos, jikin jariri ba ya amfana da shi. Amma dahuwar asid tana mayar da wani kaso nasa laisin, sai adadi ya fito ya wuce abin da ke da amfani. Idan abokin hulɗa laisin mai amfani yake tambaya, sai an auna furosin a gefe, wato sinadarin da laisin ɗin da ya ɗaure da laktos ke samarwa a dahuwar asid.

Mai buɗe zare:
Na gode, Allah ya saka. Zan fara da ma'aunin zafin obin, sannan dahuwar nan ta lokuta uku. Hajiya mai kula da inganci, furosin ɗin kuna auna shi daga ruwan dahuwa ɗaya, ko kuna dafa wani daban?