Za mu shiga jirgin ruwa zuwa Bahamas da yara, dole ne sai na yi musu fasfo?

Maman Khalifa, Atlanta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa ku taimaka min da shawara. Maigidan ya biya mana na hutun yara, daga tashar Port Canaveral a Florida zuwa Nassau, babban birnin Bahamas, a dawo, kwana huɗu ne kawai, nan da wata biyu. Shi yana da fasfonsa na Amurka, ni girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin, yara huɗu duk nan aka haife su amma ko ɗaya bai da fasfo don ba mu taɓa kai su gida ba. Na buga lissafi, ƙananan uku dala 135 kowanne, babbar ta cika 16 ita kuɗin manya za ta biya 165, kun ga 570 kenan kafin a zo maganar hoto, ga man mota ga otal a hanya. Shi ya ce takardar haihuwa ta isa, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya wallahi. Ya kuka yi?

Ummu Hanifa, Houston:
Wa alaikumus salam. Maigidanki ya yi gaskiya 'yar uwa, mu daga Galveston muka tashi zuwa Cozumel da takardun haihuwa kawai kuma babu wanda ya ce mana uffan, aka duba aka ce ku wuce. Tun 2009 dokar haka take, in dai jirgin daga tashar Amurka ya tashi kuma tashar nan dai zai dawo, ɗan ƙasa zai iya shiga da takardar haihuwa, wanda ya kai 16 sai ya haɗa da katin shaida na gwamnati mai hoto. To kin ga babbarki sai da lasisin tuƙi ko katin jiha. Kuma fa takardar da ofishin jiha ya bayar ake nufi mai hatimi, ba waccan ta asibiti mai sawun ƙafar jariri ba, a gabana aka mayar da wata mata da irin ta, ta zauna kan akwatinta tana ta kuka yaran na jan rigarta.

Baban Twins:
Hajiya Ummu Hanifa duk abin da kika faɗa haka yake, amma ai ke shiga da fita kika ba ta labari, ba ki ba ta na tsakiya ba. Mun je Nassau da ƙanin matata, saurayi ne mai rawar kai, ya hau babur ɗin haya ya zame ya karya ƙafa, asibiti suka riƙe shi, jirgi kuma ba ya jiran kowa, lokacin tashi na yi ya tashi. Ni na sauka na zauna da shi don ni ke da fasfo. Da aka sallame shi sai a jirgin sama za mu koma, shi kuma jirgin sama tun 2007 babu ruwansa da takardar haihuwa, sai fasfo mai littafi. Muka nufi ofishin jakadancin Amurka da ke Nassau neman na gaggawa, abin ya faɗo ƙarshen mako sai da muka jira aka buɗe, ana ta cin kuɗin otal da tasi ni kuma ina tura shi a keke. Sun ba shi, ba su wahalar da mu ba gaskiya, amma kuɗin da ya tafi a jiran nan ya fi na fasfo nesa ba kusa ba. Yanzu ki ɗauka yaro ɗan shekara shida ne zazzaɓi ya kayar, ke kina can da shi babansa yana kan ruwa da sauran.

Ummu Hanifa, Houston:
Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba. Amma Alhaji mutum nawa ne hakan ke samu, dubbai suna zuwa duk mako suna dawowa lafiya lau. Ba kowa ke da 570 a ajiye ba fa.

Hajiya Mai Turare, Bronx:
Ni duk maganar yaran ma ba ita ta dame ni ba, ke kanki Maman Khalifa kin duba naki? Wannan sauƙin na takardar haihuwa na 'yan ƙasa ne, mu masu girin kad sai mun riƙe katin da kuma fasfonmu na gida. Da za mu tafi sai da ma'aikaciyar ta buɗe koren fasfona ta ƙirga watannin da suka rage, don kamfanonin jirgi da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida. In naki ya kusa mutuwa ki fara da shi yau ɗin nan, tunda kina Atlanta ga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya nan kusa da ke, mu nan New York muke zuwa, kuma ki tabbata NIN ɗinki ya yi daidai da sunan da ke fasfo tun kafin ki cike komai.

Maman Khalifa, Atlanta:
Na gode Hajiya, yanzu na tashi na duba, nawa da saura sosai alhamdulillah.

Abu Zarah:
Tunda an taɓo suna bari in ce wani abu. Yarona a takardar haihuwa Muhammad ne, wanda ya yanka mana tikiti ya rubuta Mohammed yadda muka saba rubutawa a gida, a tasha aka ware mu gefe sai da babbansu ya zo ya gyara a kwamfuta, mutane na ta wucewa mu muna tsaye da kaya. Ki zauna da takardun a gabanki ki bi harafi harafi, har da Aisha da A'ishatu, Abdullahi da Abdullah.

Anti Bilki, Columbus:
Me zai hana ki yi musu na kati? Akwai fasfo ɗan ƙarami kamar lasisi, na yara dala 15 ne sai 35 na karɓar takarda, 50 kenan maimakon 135, ana shiga jirgin ruwa da shi kuma ba sai kin yi ta yawo da takardun haihuwa a jaka kina tsoron kar ruwa ya taɓa ba. Mu shi muka yi.

Baban Twins:
Anti da girmanki, katin nan ba a hawa jirgin sama da shi daga wata ƙasa, na mota ne da na ruwa kawai zuwa Kanada, Meziko, Bermuda da tsibiran Karibiyan. Wato a matsalar da na faɗa bai tsinana komai ba, an biya 50 an sayi abin da takardar haihuwa ke yi kyauta. Ni a ganina ko littafi ko a bar shi.

Anti Bilki, Columbus:
To mu dai muna shiga Kanada da shi a mota ta Detroit, bai zama asara ba a wurinmu, amma na ji batunka.

Yaya Sani, Minneapolis:
Wanda duk mahaifiyarsa ko surukarsa ta zo ziyara yake tunanin a tafi da ita ya duba bizarta tukuna. A Yulin 2025 yawancin bizar ziyara da ake ba 'yan Najeriya ta koma shiga ɗaya wata uku, kuma zuwa Bahamas fita ce daga ƙasar ko da a jirgi za a kwana. Mu da Inna ta zo haƙura muka yi, muka kai ta bakin tafki ta ga ruwa ta ce ya ishe ta haka.

Maman Nana Firdausi:
Ni na yi wa nawa bara kuma abin da ba wanda ya gaya min shi ne lokacin da kika kai fom ɗin neman fasfo na DS-11 gidan waya za su karɓe takardar haihuwar ta asali su tura tare da shi, sai daga baya ta dawo a ambulan dabam. To kin ga in fasfo ya makara, ba fasfo ba takarda, biyu babu. Ki fara neman ƙarin kwafi mai hatimi daga ofishin rajistar haihuwa na jiharku ki ajiye a gida, kuɗinsa kaɗan ne, sannan ki kai ɗayan. Yara 'yan ƙasa da 16 dole su je da kansu kuma uwa da uba duka su tsaya, in maigida aiki ya hana shi sai ya cike fom ɗin amincewa na DS-3053 a gaban notari, wato mai shaida sa hannu, ki tafi da shi da kwafin katinsa. Suna cewa sati huɗu zuwa shida ban da kwanakin gidan waya, na sauri a ƙara dala 60 kan kowane mutum, kuma gab da hutun makaranta layi ya fi tsawo, waɗanda suka nema a 2023 za su ba ki labari. Ni abin da ya sa na daure na biya, na ƙananan shekara biyar yake yi na babbarki kuwa shekara goma, kuma yaran nan ai wata rana za ki kai su Kano ko umara, ko a bugo waya cikin dare a ce ku taho, ranar ba za ki samu sati shida na jira ba.

Hajiya Mai Turare, Bronx:
Gaskiya ne wannan. Af, ki gaya wa kamfanin jirgin tun yanzu kuna son abincin halal, wasu sai an sanar da wuri, in ba haka ba kifi da shinkafa za ki yi ta ci, kuma ki saka manhajar alƙibla a waya don jirgin juyawa yake yi.

Maman Khalifa, Atlanta:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na karanta wa maigida duka, da ya ji na Baban Twins shiru ya yi ya ce a nemo ranar zuwa gidan waya. Mun samu Asabar mai zuwa, duka huɗun littafi za a yi musu, kwafin takardun kuma na nema ta intanet ɗazu, in fasfon bai iso ba mu tafi da su. Maman Nana hoton fa, a gidan wayan suka ɗauke ku ko da naku kika je? Kuma babbar tana saka hijabi, za su bari?

Maman Nana Firdausi:
Namu a can aka ɗauka amma ba kowane reshe ke yi ba, ki kira ki tambaya. Hijabi suna bari, fuska dai ta fito gaba ɗaya ba inuwa, sai ta rubuta 'yar takarda ta sa hannu cewa na addini ne kuma kullum haka take fita. In tana saka tabarau ta cire.