Tambaya: yaya ake bin layi a injin rawa idan wuri ya cika?

Baƙon Osaka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya daɗe a Japan, ko ya saba da gidajen gem na ƙasashen waje, ya warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar.

Wata na biyar ke nan a Osaka ina karatu. Da sanyi ya kankama na daina fita gudun safe da na saba, jiki ya yi mini nauyi, sai wani abokin karatuna ya kai ni wani gidan gem kusa da tashar jirgin ƙasa ya nuna mini Dance Dance Revolution. Ga wanda bai taɓa gani ba, inji ne mai allo da manyan lasifikoki, a gabansa akwai dandamalin ƙarfe mai kibiya huɗu: hagu, dama, gaba da baya. Kibiyoyi suna hawowa a allo daidai da kiɗa, kai kuma kana taka wadda ta iso. Gurbin mutum biyu ne a jere, kowanne da ƙarfen dafawa a bayansa. Kamfanin Konami ne ya fito da shi tun 1998, kuma har yau za ka ga magidanta sun taso daga ofis sun cire kwat sun hau. A inda nake zuwa, kwandalar yen 100 tana ba ni waƙa uku, wajen minti goma ke nan idan aka haɗa da zaɓen waƙa. Kafin in kashe yen 500 rigata ta jiƙe sharkaf. Na ƙaunaci abin ƙwarai, shi ya riƙe mini lafiyata a wannan hunturun.

Kullum ranar aiki nake zuwa da hantsi, wurin babu kowa. Ranar Asabar ce na fara zuwa da yamma. Na hau, na gama waƙoƙina uku, na waiga baya ban ga kowa a tsaye ba. Akwai dai wani mutum a kan benci, nesa kaɗan, kansa a sunkuye yana danna waya. Ban kawo komai a raina ba na sake jefa kwandala. Na gama, na sake jefawa. Ina cikin na uku sai na hango shi ta gefen ido ya miƙe, ya cire takalman wasan da ke ƙafarsa ya mayar jaka, ya sa na fita, ya tafi. Bai ce mini uffan ba. Sai a lokacin na lura akwai tawul da gorar ruwa a gefensa tun farko. Bayan na sauka wani ma'aikacin wurin ya zo cikin ladabi ya nuna mini wata takarda da aka manna a jikin injin, wadda ban iya karanta rabinta ba.

Wallahi abin ya dame ni. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya zo, ya shirya, na cinye masa lokaci ban sani ba. A gida Zariya, a gidan gem ko teburin sunuka, doka a bayyane take: wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya tashi, mai jira kuma da bakinsa zai ce "ni ne na gaba". A nan babu wanda ake cinyewa, kuma babu mai magana.

To yaya zan gane mai jira? Idan mun zo da abokina, kowa zai yi nasa sannan mu sauka, ko yaya? Sannan idan ina jira lokacin Magariba ya yi na fita, zan iya barin jakata ta riƙe mini wuri?

Tsohon Ɗalibi a Tokyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata ta bakwai a nan, kuma na shafe huɗu a ciki ina taka wannan injin, don haka bari in gaya maka abin da takardar nan ta ce ko ban gan ta ba. Kuɗi ɗaya, ka sauka. Abin da ka yi har suna gare shi a wurinsu, renkoin, wato jera kwandala a kan kwandala alhali akwai mai jira, kuma a cikin laifuffukan gidan gem shi ne wanda aka fi jin haushi.

Bencin da ka gani shi ne layin. Ba wurin hutawa aka ajiye shi ba. Wanda ya zauna a kai jira yake, ko da ya sunkuyar da kai. Ba ya kallonka ne don kada ka ji an takura maka, a wurinsu tsura wa mai wasa ido ko tsayawa a ƙeyarsa rashin tarbiyya ne. Kai ka ɗauki kawar da kan a matsayin ba ruwansa da injin, shi kuwa kunya ce ya yi maka. Kuma ba zai taɓa cewa "ni ne na gaba" ba. Zai jira, idan ya gaji ya tafi, ko ya gaya wa ma'aikaci. Ina kyautata zaton shi ya turo maka wancan ma'aikacin a hanyarsa ta fita.

Ga yadda nake yi. Da na gama, ko na ga mutum ko ban gani ba, sai in sauko gaba ɗaya, in kwashe tawul da gora da katin wasana, in matsa gefe. In sha ruwa, in dubi bencin, in dubi wanda ke tsaye daga nesa yana yi kamar yana kallon wani injin. Idan minti guda ya wuce babu wanda ya taso, in koma. Waigawa daga kan dandamali ba ta isa ba, domin muddin kayanka na nan a kai, babu wanda zai matso. Idan kuma akwai masu jira, ka koma ƙarshen benci, ana matsawa ana matsawa har ya zo kanka.

Maganar aboki kuwa, a nan mutanenmu suka fi faɗawa. Ku hau tare, kowa ya biya nasa, shi a gurbin hagu kai a na dama, ku sauka tare. Wannan hawa ɗaya ne, babu mai cewa komai. Abin da ba a so shi ne ka sauka ka miƙa masa, ya sauka ya miƙa maka, injin yana zagayawa a tsakaninku mutanen benci suna kallo. Shi ma da sunansa, mawashi, kuma hukuncinsa ɗaya da na farkon.

Jaka ba ta riƙe wuri. Ka tashi, wurinka ya tafi. Ni abin da nake yi, in duba lokacin salla kafin in shiga, idan saura ƙasa da rabin awa in fara yin sallata sannan in zauna layi da kwanciyar hankali. Sau da yawa na bar layi saura mutum ɗaya a gabana saboda Magariba, na dawo na kama daga baya. Minti ashirin ne ko talatin, ba su kai a tayar da hankali ba.

Wani abu da zai taimake ka: wasu gidajen masu inji biyu ko uku sukan ware ɗaya su rubuta cewa babu iyaka a kansa, wanda ya hau sai ya gaji. Ka ɗauki hoton takardar ka nuna wa wani ɗan ƙasa a makarantarku ya karanta maka, domin kowane gida da tsarinsa.

Mai Shayin Houston:

Malam Baƙo, kada ka sa abin a ranka da yawa, rashin sani ne ba raini ba. Mu a nan Amurka tsarin daban yake, kuma da ka gan shi za ka gane shi nan take. Ka tuna yadda ake jera jarkoki a bakin famfo, kowa ya ajiye tasa ya koma inuwa? To haka ake yi. Mai son hawa zai ajiye kwandala ko katin wasansa a bakin injin, ƙasan allo, a jere. Na farko a jeri shi ne na gaba. Idan ya zo kanka ka ɗauke naka ka hau, idan ka gama ka mayar da shi ƙarshe.

Rigimar da ake yi duk irin ta bakin famfo ce. Wani zai ajiye kati biyu. Wani zai ajiye nasa a layi tun yana kan injin bai sauka ba. Wani zai ajiye ya tafi cin abinci, a zo kansa a yi ta cigiya. A wurin da nake zuwa, sau ɗaya ake kira, idan babu mai shi a tsallake. Kwandaloli kuma duk kama ɗaya suke, shi ya sa na fi son ajiye abin da zan shaida, ni wani tsohon katin otal nake sawa.

Amma kada ka kai wannan Osaka. Ka bi abin da Yaya na Tokyo ya gaya maka. Na kawo ne don wanda zai karanta daga wata ƙasar.

'Yar Katsina a Kuala Lumpur:

Sannunku. Ni Pump It Up nake takawa, na kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 1999. Shi wurin takawa biyar gare shi, kusurwa huɗu da tsakiya, amma maganar layi duk ɗaya ce.

Yaya na Tokyo, na yarda da duk abin da ka faɗa, sai dai akwai inda nake ganin "kuɗi ɗaya, ka sauka" bai gama adalci ba, kuma ƙwararru ne suke cin moriyar hakan. Ƙwararre zai hau shi kaɗai ya zaɓi salon da ake taka gurbi biyu gaba ɗaya, ya tsaya gyara saurin kibiyoyi, ya bi jerin waƙoƙi sama da ƙasa har agogon zaɓe ya ƙare a kowane zagaye, ya huta a tsakani, wataƙila ma ya samu waƙar kyauta a ƙarshe saboda ya yi kyau. Sabon shiga kuwa, yarinya ta zo da mahaifiyarta, ta zaɓi waƙar da ta fi ƙarfinta cikin ruɗewa, kafin ka ce kwabo an sauke ta. A lissafi kowa ya yi hawa ɗaya. A zahiri ɗaya ya ci ninkin lokacin ɗaya.

Ban ce a hana kowa salon gurbi biyu ba, kuɗinsa ne kuma layinsa ne. Amma idan benci ya cika, ka zaɓi waƙoƙinka a ranka tun kana zaune. Ni a waya nake rubuta nawa. Kuma idan ka ga sabbin shiga suna tsaye suna raɓe-raɓe ba su san akwai layi ba, ka gaya musu, ka nuna musu inda ya ƙare. Na sha ganin masu zuwa kullum suna ta zagayawa a tsakaninsu, baƙo ya tsaya rabin awa ya tafi, alhali babu wanda ya karya doka ko ɗaya. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan wanda ya jefa kwandala biyu bisa rashin sani.

Sai maganar gumi, don Allah. Ka goge ƙarfen dafawa kafin ka sauka. Ni nakan zo da ƙyalle na daban saboda haka. Kuma kada kowa ya jingina da ƙarfen gurbin da babu kowa ko ya ɗora ƙafa a dandamali wani na cikin wasa, girgizar tana isa gare shi. Yara sun fi yin wannan, sai a janye su da lallashi.

A nan idan kai kaɗai ne, ba laifi wani ya tambaye ka ko zai hau ɗaya gurbin, layi ya ragu da sauri. Ni nakan amsa wa mata 'yan'uwana, namiji kuma in ba shi haƙuri, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba.

Tsohon Ɗalibi a Tokyo:

Gaskiyarki ƙanwata, musamman maganar zaɓen waƙa. Sai dai Baƙo ya sani, a Japan ba a cika neman hawa tare da wanda ba a sani ba. Ko gurbi ɗaya na zaune babu kowa, a bar mai layi ya yi shi kaɗai, sai fa idan shi ya yi maka tayi.

Baƙon Osaka:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Yaya, na ɗauki hoton takardar na kai wa wani ɗan ajinmu, abin da ka faɗa shi ne a rubuce, har da hana ajiye kaya a benci don kama wuri.

Jiya Asabar na koma. Na yi La'asar kafin in fita daga gida. Na tarar da mutum uku a benci, na zauna na huɗu, kuma na rubuta waƙoƙina uku a waya kamar yadda Yaya ta Kuala Lumpur ta ce. Sai da na jira kusan rabin awa. A zaunen nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk zuwana na hantsi: yadda wani dattijo mai furfura yake taka waƙa mai sauri ƙafafunsa ba sa ko ɗagawa sama, diddige da yatsu kawai yake juyawa. Na gwada a waƙata ta biyu, na ji numfashina ya kai ni ƙarshe ba kamar da ba.

Hawa biyu kawai na samu kafin Magariba, maimakon biyar da na saba. Na goge ƙarfen, na kwashe kayana.

Mutumin rannan ban gan shi ba. Na roƙi ɗan ajin namu ya koya mini yadda zan ba shi haƙuri da Japananci, na rubuta a takarda na sa a aljihun jakar takalmana. Zan ci gaba da zuwa ranar Asabar a daidai wannan lokacin, ko Allah Zai sa mu haɗu.