Sa wa manyan sifiku taya: wa ya taɓa gwadawa?

Baban Ummi (Ƙofar Ƙaura): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da dogayen sifiku biyu da wufa (sifikar da ke fitar da bugu mai nauyi) a falo. Duk ranar shara sai an jira ni, don uwargida ba ta iya ɗaga su, ga ƙurar hunturu tana taruwa a bayansu. In an ja su kuma su kankare tayil. Ina so in sa masu taya, me kuka gani?

Malam Lawal Kafinta: Wa'alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada a huda jikin sifikar. Yawancin akwatunan nan garin katako ne aka matse, ba ya riƙe noti sosai, kuma in ramin ya zarce ciki iska ta riƙa fita, sautin ya lalace. A yanka maka katako mai kauri wanda ya fi gindin sifikar faɗi da inci 2 ta kowane gefe, a ɗaura tayoyi huɗu a ƙarƙashinsa, sai a aza ta a kai. Ka nemi tayar roba, biyun gaba masu birki. Ka duba wajen masu kayan kafintoci a Babbar Kasuwa.

Hajiya Maman Sadik: Malam Lawal, gidan da ke da yara fa? Abu dogo a kan taya, yaro na jingina da shi zai tafi. Ni tsohon kafet na yanka, na kifa gashinsa ƙasa, na ɗora sifikar a kai. Turawa kawai nake yi ta zame.

Malam Lawal Kafinta: Gaskiyarki Hajiya. Dalilin faɗin katakon da birkin ke nan, amma a kan tayil dabararki ta fi sauƙi. Sai dai in an shimfiɗe falon da kafet, ba za ta zame ba.

Abba Mai Gyaran Rediyo (Sabuwar Unguwa): Yaya, ni abin da ya fi damuna shi ne inda ake mayar da su bayan shara. Mutanenmu sai su manna sifika da bango ko su cusa ta a kusurwa, bugun ya yi ta gurnani, muryar mai karatu ko mai labarai ta dushe. Duba bayanta, in akwai rami, ta nan take numfashi, ka ba ta ko taƙi biyu daga bango. Tazarar da ke tsakanin sifikun ta yi daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, ka ɗan karkato fuskarsu wajenka. Ƙaramar sifikar da ke ɓangaren sama na kowane akwati ta zo saitin kunne. Mu da muke yawan zama a darduma, kada katako da taya su ƙara mata tsawo da yawa.

Wufa kuwa, ɗora ta a mazauninka, ka kunna, ka zagaya ɗakin a durƙushe. Inda ka ji bugun ya fito tas, nan ne wurinta.

Baban Ummi: Madalla, Abba. To in na samu wurin, yaya za su gane shi in ba na gida?

Abba Mai Gyaran Rediyo: Manna salatef a ƙasa daidai kusurwoyin katakon. Sannan ka ƙara tsawon wayar, ka bar mata rara, don ja ɗaya ke tsinke ta daga bayan amfilifaya. A kashe wuta kafin a gusa.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Lawal, zan auno gindinsu in turo maka bayan La'asar.