Waɗanda 'yan sanda suka taɓa shiga gidansu neman wani: mu ji abin da ya faru

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A unguwarmu an daɗe ana musu kan abin da ya kamata maigida ya yi idan 'yan sanda suka buga masa ƙofa suna neman ɗansa ko ƙanensa ko ɗan haya, sai dai yawancin masu musun labarin wani suke bayarwa. Ina roƙon wanda abin ya faru a gidansa ya gaya mana yadda aka yi: ko an nuna masa takarda, wa ya tsaya shaida, me aka ɗauka, kuma ko kayan sun dawo. Don Allah kada a ambaci sunan jami'i ko na ofis.

Maman Husna:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu bayan sallar asuba suka zo, maigidan kuma ya yi tafiya. Ƙanensa suke nema, wanda yake kwana a ɗakin zaure, saboda wata waya da ya saya a hannu aka ce ta sata ce. Daga bayan ƙofa na gaya musu cewa babu namiji babba a gidan, ni kuma ba na fita, don haka ina roƙon a kira mai unguwa. Ɗayansu ya ɗaga murya, amma babban cikinsu, wani saje, ya tsawatar masa, ya tsayar da mutum ɗaya a bayan katanga, suka jira. Da mai unguwa ya iso tare da limamin masallacinmu, sai aka ba ni dama na kwashe yara na shiga gidan maƙwabta, sannan suka shiga. Ɗakin yaron kawai suka bincika, suka ɗauki wayoyi biyu da kwamfutar hannu, saje ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, mai unguwa da liman suka sa hannu, aka bar mana kofi. Da aka gano wanda ya sayar masa da wayar, da wannan takardar maigidan ya je ya karɓo kwamfutar da ɗaya wayar, ba tare da gardama ba.

Baba Tela:
'Yata, ki gode wa Allah, domin nawa ba haka ya kasance ba. Ɗana ya karɓi kaya bashi a wurin wani ɗan kasuwa, ciniki ya karye, ya bar gari. Da tsakar rana suka same ni a zaure ina ɗinki, ba su nuna mini komai ba, suka ce in fito da shi. Na rantse musu ban san inda yake ba, sai suka ce to in biyo su, idan ya ji an riƙe ubansa zai kawo kansa. Suka ɗora keken ɗinkina da babur ɗin yaron a bayan mota, babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. A bayan kanta na kwana, da shekaruna, kuma ina kallon rubutun nan da ke bango cewa beli kyauta ne lokacin da surukina yake ƙirga kuɗin da aka karɓa kafin a sake ni. Keken ya dawo bayan dogon sintiri. Babur ɗin kuwa aka ce mai bashi ya tafi da shi, da na nemi a nuna mini inda aka rubuta haka sai aka ce ba ni da shaidar cewa daga gidana aka ɗauke shi.

Lauya a Arewa:
Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Abubuwa biyu daga cikin waɗanda aka yi maka doka ta haramta su ƙarara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda take aiki a duk faɗin Najeriya, ta ce a sashe na 36 ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi, kuma sashe na 32 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, domin wannan maganar kotu ce. Haka nan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta faɗa a sashe na 7 da na 8. Ita ta 2015 ta tarayya ce, amma jihohi sun yi irin tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019.

Damar ficewa da aka ba Hajiya Maman Husna kuwa haƙƙinta ne, ba alfarma aka yi mata ba. Sashe na 12 na dokar 2015 ya ce idan za a shiga gidan da macen da ba ta fita bainar jama'a saboda addini ko al'ada take ciki, dole a sanar da ita a ba ta damar janyewa kafin a shiga. Sashe na 149 kuma ya tanadi cewa binciken da ake yi da takardar izini a gaban shaidu biyu za a yi shi, a rubuta jerin abin da aka ɗauka, a sa hannu, a ba wanda aka bincika kofi. Sai dai kada mu ɗauka cewa kullum sai da takardar majistare za a iya shiga gida. Wannan sashe na 12 ɗin ya ba ɗan sandan da ke da ikon kama mutum damar shiga idan yana da dalilin yarda cewa mutumin yana ciki, har ya ɓalle ƙofa idan ya bayyana kansa da abin da ya kawo shi aka hana shi. Takardar binciken ma babu lokacin da aka keɓe mata, ana iya zartar da ita da dare ko ranar hutu.

Sifeto Mai Ritaya:
Ni na yi wannan aikin har na ajiye kaki, kuma ba zan musa abin da Baba Tela ya faɗa ba, domin na ga ana yi. Abin da ke jawo shi sau da yawa shi ne mai ƙara yana da hali, shi ya zuba mai a mota, yana zaune a ofis yana jira, ƙaramin jami'i kuma yana jin kunyar ya dawo hannu rabbana. Wannan ba uzuri ba ne, bayani ne kawai. A ɗaya ɓangaren kuma, na sha tsayawa a ƙofar gida ana ce mini a jira mata su kintsa, ashe ana haura da yaron ta katangar baya, shi ya sa kuka ji sajen nan ya fara tsayar da mutum a can. Shawarata ga maigida ita ce ya tambayi sunan jagoran tawagar da ofishin da suka fito, cikin ladabi kuma a gaban mutane, ya sa wani ya rubuta lambar motar. Jami'in da ya san an san sunansa ba ya ɗaukar abin da ba zai iya rubutawa ba. Kada kuma a riƙe masa riga ko a tare ƙofa, domin nan take magana za ta koma hana jami'i aikinsa, wanda laifi ne mai zaman kansa.

Mai Shagon Atamfa:
Ni ta wancan gefen na ga abin, domin shagona aka fasa. Da muka samu labarin gidan da aka kai kayan, sai mai binciken ya ce sai ya karɓo takarda daga kotu, na ji kamar in yi kuka, don na san kafin a dawo an kwashe rabi, kuma hakan aka yi. Daga baya na ga amfanin takardar, lokacin da lauyan wanda ake tuhuma ya nemi ya ce ɗora wa mutuminsa kayan aka yi, sai aka fito da jerin da maƙwabtansa biyu suka sa wa hannu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kayan da aka ƙwato ba a miƙa wa mai su nan take, ana ajiye su a matsayin shaida. Sai da aka rubuta wa kotu aka sake mini su bisa sharaɗin zan kawo su idan an nema, kafin nan kuwa kasuwar sallah ta wuce.

Ɗalibin Kwaleji:
Namu da dare ne, sun zo cikin kayan gida, a motar da ba ta da alamar hukuma. A yanayin da ake ciki na masu garkuwa da mutane, mahaifinmu ya ƙi buɗe ƙofa, ya ce musu ta taga su yi haƙuri zai tabbatar tukuna. Ya kira mai unguwa da shugaban 'yan sintiri, shi kuma mai unguwa ya kira baturen 'yan sandan yankinmu, wanda ya ce bai san da zuwansu ba, amma ya turo motar sintiri. Ashe 'yan sanda ne na gaske daga wata jiha, ɗan hayarmu suke nema, ba su dai sanar da ofishin yankin ba. A gaban jama'a suka nuna katin shaida da takardar kamu, aka tafi da shi ofishin yankinmu aka shigar da sunansa a littafi kafin a wuce da shi, ta haka matarsa ta san inda za ta bi sawunsa.

Baba Tela:
Barista, abin ya kwana biyu, yanzu akwai sauran abin da zan iya yi kan babur ɗin nan?

Lauya a Arewa:
Akwai, Baba. Ka nemi maƙwabtan da suka ga lokacin da aka ɗora shi a mota, da takardun sayensa, da surukinka wanda ya biya kuɗin, sannan a rubuta ƙorafi zuwa ga Kwamishinan 'yan sandan jiharka, a ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kofi, ka tabbatar an buga hatimin karɓa a kan naka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ana neman wannan a babbar kotu. Idan kuɗin lauya ne matsalar, ka fara zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharku, ka tafi da duk takardun da ke hannunka.